Kason Bango

Ranar jajibirin ƙaramar salla, shekara huɗu ke nan, ma'aikatan meri, wato hukumar gari, suka zuba wa namana girezil, baƙin ruwan nan da ake wanke masai da shi. Saniya guda ce. Na yanka, na feɗe, na kasa ta kaso arba'in da ɗaya a bayan gidanmu a Zongo. Mutane suna tsaye da kwanoninsu. Ba wanda ya tafi da ko tsoka ɗaya.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, allo ma ban daɗe a kansa ba. A Zongo aka haife ni, a ɗakin da ruwa ke shiga kowace damina. Yatsuna tara ne, na goman igiyar wani bijimi ta tafi da shi. Sau biyu aka rushe teburina a bakin titi, sau biyu na tsinci katakon na sake bugawa. Na binne mata ɗaya. Ba kuka nake yi ba. Na faɗa ne don a san ba rago ke magana ba.

Ubana ya bar mini wuƙa biyu da gatari da watanda.

Watandarmu ta masu ƙaramin ƙarfi ce: masu tura amalanke a kasuwar Dantokpa, 'yan zemijan da ke yini a kan babur, masu wankin gwanjo a Missèbo, mata masu koko. Ba mai iya sayen nama da kilo a cikinsu ranar salla. Sai a haɗa ƙarfi cikin azumi, in je wurin Fulanin da ke sauko da shanu daga arewa, in zaɓo wadda kuɗinmu ya kai. Kullum ramammiya ce. A yanka, a kasa arba'in, kowane kaso da tsokarsa da ƙashinsa da ɗan hanta da ɗan tumbi. Mai ɗan hali ya ɗauki biyu ko uku. Mutum ɗaya ya juya baya, ni ina taɓa kaso da bakin wuƙa, shi yana kiran suna. Ba a gardama da wanda bai gani ba.

Kafin a kira suna kuwa, akwai abin da ake yi. Ina bin kason nan arba'in ɗaya bayan ɗaya, ina yankar ɗan yanki daga kowanne, ina tarawa a kan ganye a jikin bango. Shi ne na arba'in da ɗaya. Kason bango muke ce masa. Mai kaso ɗaya an yanki ɗaya a nasa, mai kaso uku an yanki uku. Ban taɓa jin mai uku ya ce an cuce shi ba. In an gama rabo sai mu juya wa bangon baya, mu tsuguna wankin wuƙaƙe, mu daɗe muna wankewa. In muka juyo, ganyen ya zama wayam. Ba a tambaya.

Ba a tambaya, amma na san tafiyar wasu. Na san ta Iya, don gwiwoyinta suna sa ta jan ƙafa.

Iya tsohuwa ce da ta shekara talatin tana suyar ƙosai a bakin lungunmu. Shekarar da matata ta rasu na kwanta ciwo wata biyu, ita ce ke turo mini ƙosai da koko ta ƙasan labule, ba ta taɓa tsayawa na yi godiya ba. Daga baya gwiwa ta hana ta zama a gaban kasko. Ɗanta ya tafi Legas, shiru. Da tana cikin masu kaso biyu. Sai ta koma ɗaya. Sai wata shekara ba ta sa sunanta ba, ranar rabo kuma na ji jan ƙafar nan a bayana ina wankin wuƙa. Na ƙara ruwa, na sake wanke wuƙar da ta riga ta fita.

Lampo, wato haraji, ba baƙona ba ne. Kowace safiya mai tike, mai karɓar kuɗin kasuwa, yana tsayawa a teburina, ko na sayar ko ban sayar ba. Wannan shi ne wanda ake ba ka takarda. Akwai wanda ba a ba ka komai: yana cikin gishiri, yana cikin man gyaɗa, yana cikin katin waya, yana cikin sabulu. Gishirin da Iya ke saya, abin da ke kansa shi ne ke kan na mai bene hawa huɗu. Ita gishirin rabin cefanenta ne. Shi bai ma san nawa ake sayar da shi ba. Duk na biya, ban taɓa zagin mai tike ba, shi ma aiko shi aka yi.

Sai a shekarar nan muka ji a rediyo an yi sabuwar dokar kuɗi. Duk saniyar da za a yanka sai an kai ta abatuwar, mayankar gwamnati, an biya kuɗin kai, an buga mata tambari. Kuɗin dama akwai shi, amma kaɗan ne, kuma ranar salla ba a bin lungu. Yanzu an ɗaga shi, an ce kuma za a bi. A cikin dokar nan dai, mai rediyon ya ce, an yafe wa wanda ya sayo mota sabuwa fil kuɗin duwan, wato kwastan, wai don hayaƙi ya ragu a gari. Na zauna na tuna masu sayen mota sabuwa fil a Zongo. Ko da yatsuna tara ban gama hannu ɗaya ba.

Kafin azumi depitenmu, ɗan majalisarmu, ya zo bayani bayan la'asar a ƙofar masallaci. An kafa rumfa, an jera kujerun roba. Ɗan Zongo ne, uwarsa a wurin ubana take sayen nama. Ya yi magana mai tsawo, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Da ya sha ruwa sai na miƙe.

"Onorabul, ina da tambaya."

"A'a, Sarkin Fawa! Faɗi mana. Duk nan a hannunka muka ci nama muka girma."

Ni ba sarkin fawa ba ne, ya kuma sani.

Na ce, "Saniyar da muke saya ramammiya ce, iya ƙarfinmu ke nan. Bijimin da ake yanka wa manyan otal ya yi biyunta. Kuɗin ɗaya ne?"

"Ɗaya ne, Baba. Abin da ya sa dokar ta yi kyau ke nan. Ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san talaka ba."

"Na kwali fa?"

"Wane kwali?"

"Wanda Alhaji mai firigo ke saukewa daga jirgin ruwa. Nawa yake biya a kai?"

Alhajin yana zaune a kujerar gaba. Shi ke da ɗakunan sanyi a Vêdoko, inda ake tara daskararren nama da kaji daga ƙasashen waje. Bai juyo ba.

Depite ya yi murmushi. "Wannan ai ba a nan aka yanka shi ba, kuɗin yanka bai hau kansa ba. Kuma irin su Alhaji an sassauta musu na wasu shekaru, saboda sun zuba jari, suna ba matasa aiki."

Wani mai amalanke da muke kira Dogo, don tsawonsa, ya ɗaga murya daga baya. "Onorabul, ni ma na zuba jari! Taya sabuwa na saya shekaranjiya. A ina ake karɓar sassaucin?"

Aka yi dariya. Depite ma ya yi.

Na ce, "To kuɗin da za a karɓa a wurinmu, ina za shi?"

"Baba, ba ka ga titin bakin teku ba? Ba ka ga fitilu ba? Baƙi suna zuwa suna ɗaukar hoto."

"Na gani daga nesa. An hana amalanke bi. Kwatamin lungunmu fa, da ke shigo mana ɗaki duk damina?"

"Yana cikin tsari."

"Kai ka ɗaga hannu da aka yi dokar?"

Ya gyara hularsa. "Duk mun ɗaga, Baba. Ƙasa sai da kuɗi."

Na zauna. Da aka tashi aka raba wa kowa ruwan leda da biskit.

Cikin goman tsakiya na azumi 'yan watanda suka taru a ƙofar gidana. Na gaya musu yadda abin yake. Kuɗin kai, da na tambari, da na motar da za ta kai saniya abatuwar ta dawo da nama, in an haɗa sun kusa kuɗin kaso guda. Ko kowa ya ƙara, ko a sayi saniyar da ta fi ta bara rama.

Wata mai koko ta ce, "Baba, in na ƙara, sai dai yara su yi salla da tsofaffin kaya."

Wani ɗan zemijan ya ce, "Wadda ta fi ta bara rama ai akuya ce."

Sai Dogo ya faɗi abin da kowa ke riƙe da shi a baki. "A sayar da na bango. Akwai mai sayen sa a Tokpa-Hoho, mai gidan abinci. Ya biya kuɗin gwamnati, shi ke nan."

Na ce, "Masu ɗauka fa?"

"Baba mai nama, gwamnati ma marainiya ce. Bana ita za ta zo bango. Ka juya mata baya kawai."

Wasu suka yi dariya. Ba mugaye ba ne. Duk wanda ke wurin, in ƙafarsa ta karye wata uku, shi ma mai zuwa bango ne, kuma sun sani.

Na ce, "Ba za a sayar ba. A bayan gida ubana ya yanka, a nan zan yanka. Wanda ke tsoro ya zare sunansa."

Ba wanda ya zare.

Kwana biyu bayan haka Alhaji mai firigo ya tsayar da motarsa a gaban teburina, ya sauke gilashi.

"Malam, na ji kuna cikin damuwa. Ka kawo mutanenka, in ba ku kwali da rangwame. Ba wahalar yanka, ba ƙuda."

Na ce, "Alhaji, wa ya yanka shi? Ina ya fuskanta?"

"Akwai rubutu a jikin kwalin."

"Ni ba na karatu."

Ya yi dariya, ya ce ƙofarsa a buɗe take, ya ɗaga gilashi.

Yanzu sai in faɗi kuskurena. Nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Akwai haƙƙin maƙwabci. Kafin a kasa nama, ana yanka tsoka huɗu daga cinya a kai wa ƙofofi huɗu da suka fi kusa da inda aka zubar da jini, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, don sun sha warin da hayaniyar. Kuma ba a miƙawa a ɓoye. Mai kaiwa yana tsayawa a tsakar gida ya faɗa da ƙarfi, don kada a ɗauka cin hanci ne ko sadaka. Ɗaya daga cikin ƙofofin nan ta mai tambari ce.

Ɗan ƙabilar Fon ne, Kirista, ƙaramin ma'aikaci, shi ke duba nama a kasuwa ya buga masa shuɗin tambari. Shekara goma sha muna bango ɗaya. Duk shekara da sassafen jajibiri yakan leƙo da silifas, ya juya hanta, ya tsaga huhu, ya ce, "Lafiya lau, maƙwabci, a ci da rai." Ba ya karɓar komai sai tsokarsa. A shekarar nan bai leƙo ba. Tun ana saura kwana uku ya daina bi ta lungunmu, yana zagayawa ta babban titi.

Bayan sallar asuba muka kayar da saniyar. Gari na wayewa na gama fiɗa. Da na yanki tsoka huɗun sai Dogo ya riƙe mini hannu.

"Baba, bana a tsallake wancan gidan."

"Ubana bai taɓa tsallake ƙofa ba."

"Ubanka bai zauna da wannan dokar ba. Mutumin nan ya rufe ido, kai kuma za ka je ka buɗe masa?"

"In na tsallake shi, na ce masa maƙiyi ke nan a gaban unguwa."

Na ɗauka da kaina a kan faranti. Akwai wani babur a ƙofar gidan, ban kula ba. Na yi sallama, na tsaya a tsakar gida, na ɗaga murya yadda ake yi.

"Ga haƙƙin maƙwabci, daga watandar bana!"

Matarsa ta fito da zani a ƙirji tana tafa hannu. "Baba mai nama! Allah ya maimaita! Dama yara tun jiya suke tambaya." Ta karɓa.

Sai mijin ya ɗaga labule. A bayansa akwai wani saurayi da farar riga da takardu a hannu, yana tauna burodi. Shef ɗinsa ne, shugabansa a ofis, ya biyo masa su fita zagayen jajibiri. Saurayin ya dubi farantin. Ya sa biro ya juya tsokar, yana neman shuɗin tawada. Ya yi tambaya da Faransanci.

Maƙwabcina ya juyo. Ni ya duba, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, a hankali, "Maƙwabci, don me ka kawo? Kwana uku ina gudun ganinka."

Na koma na ci gaba da aiki. Me zan yi, in mayar da saniya cikin fatarta? Na kasa arba'in. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na yanki na bango. Mutane sun taru da kwanoni da robobi. Iya tana zaune can nesa a kan wani bulo, kamar mai shan iska. Dogo ya juya baya, na taɓa kason farko, ya buɗe baki zai kira suna, sai mota mai buɗaɗɗen baya ta toshe bakin lungu.

Ma'aikatan meri ne su biyar, da 'yan sanda biyu. Shef ya karanta takarda. Maƙwabcina ya fassara yana kallon ƙasa: nama ba tambari, haɗari ne ga lafiyar jama'a, za a lalata shi.

Na ce, "Ga hantar nan. Ka duba ta yadda ka saba."

Bai motsa ba.

Na ce, "A buga tambarin a nan. Zan nemo kuɗin kafin azahar."

Shef ya ce ba a buga tambari a lungu.

Mata suka fara magana gaba ɗaya. Wata ta ce wata guda tana hana kanta sukari a koko. Wani ɗan sanda ya ɗaga kulki, aka ja baya. Ban taɓa roƙon mai kaki ba tun da nake, ko ranar da suka rushe teburina. Ranar nan na roƙa.

Na ce, "Ku ɗauki arba'in ɗin. Namu ne, mu muka yi laifi. Wancan na jikin bango ba na kowa ba ne. Ku bar shi."

Maƙwabcina ya fassara, ya ƙara da wasu kalmomi nasa. Shef ya saurara har ƙarshe. Ba mugun yaro ba ne, bai yi tsawa ba. Ya ce doka ɗaya ce ga kowa. Maganar depite ce sak, har inda ake sauke murya.

Ya miƙa wa maƙwabcina jarkar girezil. Shi ya zuba. Ya bi layi layi, yadda nake bi da wuƙa. Na bango ya bari ƙarshe, ya tsaya a kansa, shef ya ce wani abu, ya zuba. Warin ya cika lungu. Suka kwashe da shebur suka loda a mota, suka haɗa da tsoka ukun maƙwabta da ban kai ba, da wuƙaƙena da gatarin ubana.

Iya ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango. Ta dubi shef daga sama har ƙasa.

"Ɗan nan, ka gaya wa wanda ya aiko ka, girezil ɗin ma da ya bar mana, masanmu na bukata."

Ba wanda ya fassara masa.

Da azahar layi ya kai titi a shagon Alhaji da ke bakin Zongo. Wanda ke da sauran canji ya sayi fukafukan kaji na kwali. Wanda ba shi da shi ya yi salla da miyar kuɓewa. Ni a ofishin 'yan sanda na yini, aka ci ni tara, na sayar da rediyona da katifata. Wuƙaƙen sun dawo bayan wata guda. Gatarin bai dawo ba. A cikin 'yan watandar nan ba wanda ya zo ƙofata ya ce ina kuɗina. Da sun zo sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tsoka ɗaya ce aka ci daga saniyar nan. Matar maƙwabcina ta ɓoye tata a tukunyar ruwa, ta ce wa shef kare ya ɗauke. Ranar salla ta dafa, ta kai ta ajiye a jikin bangon a cikin kwano, ta juya ta tafi. Ba wanda ya koya mata, shekara goma sha tana leƙe ta taga. Da yamma kwanon yana ƙofarta a wanke. Iya ta ce mini daga baya, ba tare da ta ce me take nufi ba, mutanen kudu ba su san ƙimar barkono ba. Mijin kuwa kafin damina ya kwashe iyalinsa ya bar unguwar. Ban riƙe shi a zuciya ba. Hannunsa ne ya zuba, amma ba shi ya ɗaga hannu a majalisa ba.

Da shekara ta zagayo muka bi doka. Na kai saniya abatuwar, na tsaya a layi bayan bijiman otal, na biya abin da suka biya. Aka buga mata shuɗin tambari har wuri huɗu. Na yanki na bango daga kaso arba'in kamar kullum, na zuba a leda, mai gidan abinci na Tokpa-Hoho ya zo ya ɗauka a kan babur kowa yana gani.

Iya ta zo duk da haka, ta zauna a kan bulonta. Ban iya jurewa ba. Na ɗauki nawa kason na ajiye a kan ganye a jikin bango, na ce wa mutane a juya. Muka tsuguna wankin wuƙa. Na ji jan ƙafar ya zo, ya tsaya, ya daɗe, ya koma. Da na juyo naman yana nan.

Na bi ta da shi har ɗaki.

"Iya, kin manta kayanki."

"Ban manta komai ba."

"Na bango ne."

"Kai, ɗan nan, ni za ka yi wa wayo? Na bango ƙanana ne, yanki arba'in, ba wanda ya yi kama da wani. Wannan kason mutum ɗaya ne, ga ƙashinsa ga hantarsa. Naka ne."

"To in nawa ne fa? Ƙosai nawa na ci a hannunki?"

"Ƙosai na sayar, na ba wanda na ga dama. Shekara talatin ana yanka daga kasona ana kaiwa bangon can. Da na je ɗauka, nawa na je ɗauka. Wannan kuwa in na ci, gobe in na gan ka sai na sunkuyar da kai. Ɗauke abinka, ƙuda na bin ka."

Na ɗauke.

Mu da ba mu shiga lakwal ba mun san a yanki uku a wurin mai uku, a yanki ɗaya a wurin mai ɗaya, a ajiye wa wanda ba shi da ko ɗaya, a kuma kawar da ido kada ya ji kunya. Su da suka yi karatu har ƙasar waje suka zauna a ɗaki mai sanyi suka yanki na mai ɗaya, suka yafe wa mai ɗari, suka kwashe na jikin bango suka sayi fitila. Suna sane. Ba wanda zai ce mini ba su iya lissafi ba.

A shekara ta uku sunaye goma sha tara na samu. Goma sha tara ba sa sayen saniya. Na mayar wa kowa abinsa, na ce watanda ta tsaya. Depite ya sake cin zaɓe. Hotonsa na nan manne a bangon, rana ta cinye rabin fuskar. Kwatamin yana cikin tsari har yau. Iya tana ɗakinta da ranta, ranar jajibiri takan aika a sayo mata ƙafafun kaji na kwali, da kuɗinta.

Ni yanzu ina Vêdoko, a firigon Alhaji. Ina sa rigar sanyi da safar hannu mai yatsa goma, ina yanka daskararren nama da zarton lantarki daga safe zuwa la'asar. Ina cikin matasan da aka ce ya ba aiki. Shekarata sittin da ɗaya.